Na sallama albasa tun tana lambu, yanzu kasuwa ta tashi

Baban Ishaku, Meskin:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Kwana huɗu ke nan ba na barcin kirki, na ce gara in kawo maganar nan ko Allah zai sa a dace. A watan Nuwamba da zan dasa albasa ba ni da kuɗin taki, ba ni da na man inji. Na je wurin wani Alhaji da muka saba, mai lodin albasa zuwa Duwala, ya ba ni sefa 300,000. Muka ajiye magana a kan in na cire zan ba shi buhu 40, kowane buhu a kan 15,000, ya zare kuɗinsa ya cika mini saura. Ba takarda, ba sa hannu. Ya ce ka sallama? Na ce na sallama. Muka tafa, kowa ya kama gabansa.

To bana ciwo ya shiga lambuna da yawa a gefenmu, albasa ta yi wuya. Jiya a gabana aka sayar da buhu 27,000 a Marwa, nan arewacin Kamaru. Ni kuwa buhu 46 na samu gaba ɗaya. In na cika masa arba'in ɗinsa, sefa 480,000 ne zan bari a ƙasa ina ji ina gani. Ga cikon kuɗin makarantar yara ban biya ba, ga ɗakin uwargida yana yoyo tun daminar bara. Wani dillali yana ta bibiyata, wai in mayar wa Alhaji kuɗinsa har da ɗan goro a kai, in sayar masa da kayan. Tambayata ita ce, in na mayar masa da kuɗinsa cif, ba ko dala da ta yi ciwon kai, na yi zunubi?

Dattijo na Domayo:
Ɗana, buɗe Zabura 15 ka karanta aya ta 4 a hankali. Dawuda yana tambaya wane ne zai zauna a alfarwar Ubangiji, cikin alamun da ya lissafa har da mutumin da ya yi rantsuwa, abin ya juyo ya cuce shi, amma bai sāke magana ba. Ba alkawarin da ya zo da riba ake nufi ba, wannan ko ɓarawo yana cika shi. Ranar da ka ce na sallama, albasar ta bar hannunka. Magana zarar bunu ce.

Metir na Mokolo:
Baba Dattijo, a gafarce ni, amma ban yarda a rufe maganar da aya ɗaya ba. Wa ya yanka farashin nan? Wanda ke da kuɗi a aljihu ne, a watan da manomi ba shi da ko na man inji. Wannan ba ciniki ba ne tsakanin mutum biyu masu ƙarfi ɗaya. Littafin da ke da Zabura 15 shi ne ke da Amos 8, inda annabi ya tsawata wa 'yan kasuwa masu rage mudu, masu sayen matalauci da kuɗin takalmi. Shekara da shekaru manomanmu suna wahalar ban ruwa tun asuba, riba kuwa tana tafiya kudu cikin mota. In muka ce wa ɗan'uwanmu ya yi shiru ya miƙa, ashe ikilisiya tana taya mai ƙarfi danne mara ƙarfi ke nan, da ayar Littafi kuma.

Direban Duwala:
Metir, ka taɓa kwana a kan buhun albasa a hawan Falez na kusa da Ngaundare mota ta lalace? Ni na kwana. Daga Marwa mu bi Garwa, mu hau Ngaundare, mu gangara Garwa-Bulai, Bertuwa, Yawunde, kafin mu shiga kasuwar Sandaga ta Duwala kwana uku ne in hanya ta yi daɗi, in ba ta yi ba sai abin da Allah ya yi. Albasa ba ta shiri da laimar kudu. Na ga mai kaya ya buɗe tampol ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, kashi ɗaya cikin uku ya ruɓe. Ga kuɗin mota, ga na lodi, ga shingayen hanya. Ba na ce 'yan kasuwa waliyyai ba ne, ina aiki da su na san halinsu. Amma wanda ya zaro 300,000 a Nuwamba ya ba manomi, shi ma kasada ya yi. Da ciwon nan lambun Baban Ishaku ya cinye, wa zai biya shi?

Metir na Mokolo:
Da shi zai biya, har da kuka. Ka taɓa ganin an yafe wa manomi?

Maman Rifkatu, Garwa:
Ni fa tambaya ɗaya gare ni, ba wa'azi zan yi ba. Baban Ishaku, ka ce kun saba da Alhajin nan. Bana ne farkon irin wannan cinikin tsakaninku? In ba bana ba ne, akwai shekarar da kasuwa ta faɗi ƙasa da abin da kuka yanka? Nawa ya biya ka a lokacin?

Tela na Kusiri:
Mama ta jefo dutse a kasuwa, bari mu ga kan wa zai faɗa.

Ladi:
Baba Tela, kai kam yi shiru a maganar cika alkawari. Zanen Kirsimetin yayata har aka shiga sabuwar shekara yana rataye a wani shago. Ban ce naka ba ne.

Tela na Kusiri:
'Yata, na ji, kuma na karɓa a madadin duk masu taka keke. Amma bari in faɗi gaskiyar sana'armu tunda an taɓo. Ba mugunta ke sa tela ƙarya ba, kunya ce da kwaɗayi. Mace ta ƙetaro gadar Ngeli daga Njamena da atamfa a hannu ranar 20 ga Disamba, ta ce Baba don Allah. Na san sarai ba zan gama ba, amma bakina ba ya iya cewa a'a, sai in ce Laraba in Allah ya yarda. A zuciyata kuwa na riga na san ba wannan Larabar ba. Wata rana matata ta ce mini, kai da kake jan waƙa a sujada, ka mai da sunan Allah labulen shago. Maganar ta zauna mini. Yanzu daga 10 ga Disamba ba na karɓar ɗinki. Na rasa masu kawo aiki, ba ƙarya, wasu har yau ba sa gaishe ni.

Fasto:
Salama 'yan'uwa. Na karanta duka. Abin da Tela ya faɗa ya fi yadda ya ɗauke shi nauyi. Yakubu 4 ne ya koya mana mu ce in Ubangiji ya yarda, domin ba mu san gobe ba. Wannan furcin mai niyyar cikawa ne wanda ya san shi ba Allah ba ne. Mu kuwa mun juya shi ya zama hanyar cewa a'a ba tare da an ga a'ar ba. Kuma Yakubun nan ne a sura 5 aya 12 ya maimaita abin da Ubangiji Yesu ya faɗa a Matiyu 5, cewa i ɗinmu ta zama i, a'a ta zama a'a. Yesu bai hana rantsuwa don ya sassauta mana ba. Ya hana ne don kada mai bi ya kasance da magana iri biyu, ta rantsuwa mai nauyi da ta yau da kullum mara nauyi. Saboda haka, Baban Ishaku, rashin takarda bai rage komai ba.

Game da damuwar Metir, akwai alkawarin da bai kamata a cika ba. Hirudus ya rantse wa yarinya a gaban baƙi, ta roƙi kan Yahaya Maibaftisma, ya cika don kunyar mutane. Cikawar nan zunubi ce a kan zunubi. Amma mu bambanta. Alkawarin da cika shi zai sa ka yi mugunta daban, wanda cika shi zai sa ka yi asara daban. Ku duba Joshuwa 9. Gibeyonawa yaudara ma suka yi, da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa, suka ce daga nesa suke. Bayan kwana uku aka gane maƙwabta ne. Jama'a suka yi gunaguni, shugabanni suka ce mun riga mun rantse da sunan Ubangiji, ba mu taɓa su. Da Saul ya zo daga baya ya karya wannan alkawarin, 2 Sama'ila 21 ta ce yunwa ta yi shekara uku a zamanin Dawuda. Alhajinka kuwa ban ji ka ce ya yaudare ka ba.

Metir na Mokolo:
Baba Fasto, to Bulus fa? Ya gaya wa Korintiyawa zai biyo ta wurinsu sau biyu, a tafiyarsa Makidoniya da dawowa, bai yi hakan ba. Yanayi ya sāke, shi ma ya sāke shiri.

Fasto:
Haka ne, kuma ka ga abin bai wuce a banza ba. Sai da aka zarge shi da baki biyu, ya zauna ya rubuta musu dalili a 2 Korintiyawa 1, har ya kira Allah shaida cewa don ya sauƙaƙa musu ne bai zo ba. Don amfaninsu ya sāke, ba don aljihunsa ba, bai kuma ɓuya ba. Akwai ƙofa ga Baban Ishaku, tana Karin Magana 6: in maganar bakinka ta kama ka, ka tafi wurin mutumin, ka ƙasƙantar da kanka, ka roƙe shi, kada ka bari barci ya ɗauke ka kafin ka je. Can maganar tsayawa lamuni ake yi, amma hanyar ɗaya ce. Wanda ka ɗaure kanka gare shi, shi kaɗai ke iya kwance ka. In ya kwance, ka fita da hannu mai tsabta. In ya ƙi, kaya nasa ne.

Manomin auduga, Gidar:
Bari in ba ku labarin da ya shafe ni, don Metir ya ga wa ke biyan kuɗin karya magana. Ku da kuke noman albasa kowa da lambunsa, mu a auduga a ɗaure muke da juna. Sodekoton, kamfanin auduga na Kamaru, ke ba da taki da magani bashi ta hannun ƙungiya, mu kuma mu kasu gida-gida muna tsaya wa juna lamuni. In an auna auduga sai a cire bashin. A 2011 auduga ta yi tsada a duniya, masu saye daga Najeriya suka shigo da kuɗi a hannu, farashinsu ya fi na kamfani nesa ba kusa ba. Da dare sai ka ji babura suna fita da ƙunshi. A cikin waɗanda muka tsaya wa juna, mutum biyu suka kwashe tasu suka sayar can, ranar awo suka kawo ɗan abin da ba ya biyan ko rabin takinsu. A kan wa aka cire? A kanmu. Cikinmu har da wata gwauruwa mai 'ya'ya biyar, ta dawo daga wurin biya da abin da bai kai kuɗin buhun dawa biyu ba. Ɗaya daga cikin mutanen nan biyu kuwa benci ɗaya muke zama da shi ranar Lahadi, muna cin jibin Ubangiji tare. Hujjarsa ita ce irin ta Metir, wai kamfani yana cutarmu. Wataƙila ma da gaskiyarsa a kan farashin. Amma ba kamfani ya ji a jikinsa ba, matar nan ce. Na yafe masa, sai dai har yau ban sāke tsaya masa ba, ba kuma wanda ya tsaya masa a garin.

Baban Ishaku, in ka karya, baɗi ba kai kaɗai Alhaji zai hana kuɗin taki ba. Zai ce 'yan majami'ar nan ba su da magana.

Ɗan Gwoza, Minawawo:
Ni ba ni da ilimin aya kamar ku. A Agustan 2014 da 'yan Boko Haram suka shiga garinmu, muka tsallako ta duwatsu ba mu ɗauki komai ba. Kafin nan na bar keken ɗinkin matata da awaki uku wurin wani abokin cinikina Musulmi a wani ƙauye ta wannan gefen iyaka. Ban ce masa komai ba sai riƙe mini. Shekara huɗu ban samu zuwa ba. Da na je, ya fito da keken a naɗe cikin buhu, ya kuma ƙirga mini kuɗin awaki bakwai, ya ce sun haihu, da fari ya matsa ya sayar, ga lissafi. Shi ma yana cikin wahala lokacin, na gani da idona. Tun ranar nan in na ji mai bi yana neman ƙofar fita daga maganarsa sai kunya ta kama ni.

Baban Ishaku, Meskin:
Na yi shiru ne don tambayar Maman Rifkatu ta tsaya mini a wuya. Mama, wannan ce shekara ta uku. Bara waccan mun yanka 14,000, da aka zo cira kasuwa ta cika, buhu ya faɗo 9,000. Ya biya ni a kan 14,000. Bai biya lokaci ɗaya ba, sau uku ya yi, sai da na yi ta zarya har Mayu, na ji haushinsa ƙwarai a lokacin. Amma ya cika.

Kuma tunda na fara, bari in ƙarasa. Ban gaya muku duka ba. Shekaranjiya da dare na sa an kai buhu 10 gidan surukina. Niyyata in dillali bai yiwu ba, in ce wa Alhaji ciwon ya taɓa ni ni ma, 30 kawai zan iya ba shi. Uwargida ta ga ana lodi a amalanke, ba ta ce mini uffan ba, amma tun ranar ba ta yarda mun haɗa ido a addu'ar safe ba.

Maman Rifkatu, Garwa:
Allah ya yi wa matar nan albarka. Ƙanena, ba dariya nake maka ba, duk muna da buhu goma a gidan suruki. Ni ce ma'ajin zumuntar mata a wurinmu. Ranar da aka yi taron ginin majami'a, mutum ya miƙe a gaban jama'a ya ce siminti buhu 20, aka yi guɗa, aka buga ganga. Shekara biyu ke nan, littafin yana hannuna, buhu 3 ya kawo. In na gaishe shi sai ya ce Mama ina sane. Wata tsohuwa mai tuyan ƙosai kuwa da ba ta miƙe ba, duk Lahadi sai ta matso ta sa mini 500 a hannu. Hananiya da Safiratu ba don sun riƙe wani abu suka mutu ba, Bitrus ya faɗa masa gonar tasa ce, kuɗin ma a hannunsa suke. Abin da ya kashe su shi ne sun kawo wani kashi sun ce duka ne. Mayar da kuɗin Alhaji a fili, ana iya muhawara a kai har gobe. Amma buhu goman nan ba muhawara, ka je ka kwaso su yau.

Dattijo na Domayo:
Ɗana, ka yi abin maza da ka faɗa da bakinka. In kana so, gobe bayan la'asar in sun fito daga salla mu je tare. Na san yadda ake shiga zauren irin waɗannan mutane. Ba za mu je da wayo ba, za mu gaya masa kasuwa ta tashi, ga halin gidanka, in zai duba ya duba.

Metir na Mokolo:
Ɓoye buhun kam ban goyi baya ba, kuma labarin bara waccan ya rage mini ƙarfi, na yarda. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya. Muna da baki wajen gaya wa talaka ya cika alkawari, ba mu da hannu wajen hana shi shiga alkawarin da zai shaƙe shi. Majami'u nawa ne a Marwa da kewaye? Mata suna adashi shekara da shekaru ba a ji kansu ba. Me ya hana maza manoma su yi asusun taki, ana zubawa a Maris da Afrilu lokacin da kuɗi ke hannu, a ɗauka a Nuwamba? Kuma in dole sai an karɓi kuɗin ɗan kasuwa, a rubuta, a ce farashin ranar awo za a bi a rage wani abu sananne. Kada wani ya ce mini takarda rashin bangaskiya ce. Irmiya annabi ne, da ya sayi gona a Anatot shekel 17 ya auna, ya rubuta, ya kira shaidu, ya sa aka adana takardun cikin tukunya.

Direban Duwala:
Asusun maza? Metir, wa zai riƙe kuɗin?

Maman Rifkatu, Garwa:
Ku kawo mu riƙe muku.

Ladi:
Baba Fasto, tunda ana maganar, saurayin da ya kai gaisuwa gidan iyaye, aka sa rana, ya tafi Yawunde karatu ya daina ɗaga waya fa? Ƙawata ce ke tambaya.

Fasto:
'Yata, gaya wa ƙawar taki ta same ni da Mama bayan sujada. Wannan ba ta cikin taro ba ce.

Baban Ishaku, Meskin:
'Yan'uwa, mun je jiya da Baba Dattijo. Da safe na kwaso buhunan daga gidan surukina, gari ya waye sarai kuwa, kowa yana gani. Da muka zauna na fara bayani, ban kai ga buhu goman ba Alhaji ya ce ya sani, yaron da ya tura amalanken ƙanen yaron shagonsa ne. Ya ce yana jira ne ya ga da wace fuska zan zo. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Farashi kam bai kwance ni ba. Ya ce shi ma tun Janairu ya yi wa wata mata a Sandaga alkawarin kaya a kan kuɗi sananne, ya karɓi kafin alƙalami, ba zai iya kiranta ya ce ya fasa ba. Baba Dattijo ya yi masa magana mai daɗi, a ƙarshe ya ƙara 1,000 a kan kowane buhu, ya ɗauke mini kuɗin buhunan da na lodi. Shida da suka rage na sayar wa dillalin nan a 26,000, yana ta ƙunƙuni. Na biya makaranta. Rufin ɗaki sai dai mu sāke tara kwano a ƙasa bana ma. Ba zan ce muku raina fari tas ba, in na tuna 440,000 sai in ji cikina ya juya. Amma uwargida ta dama mini kunu da safen nan, ta kuma ce in ja addu'a.

Metir na Mokolo:
Dubu ɗaya. Hm. Ni dai ranar Asabar zan shigo Marwa, Baba Dattijo a tara mini manoma ko goma ne mu yi maganar asusun nan kafin kuɗin albasa su narke.

Direban Duwala:
Baban Ishaku, in motar Alhamis ce za ta ɗauki kayan, a shanya su sosai kafin a ɗinke baki. Kuma a hana yaran lodi sa manya a sama ƙanana a gindi, matan Sandaga juye buhu suke yi a ƙasa.